CIWON SUGA A BAKIN IYAKA: ƁOYO DA YANKEWAR MAGANI KE KASHE MATASA

Duk wanda ya san Magama ta Jibiya ya san gari ne na masu jini a jika. Tun da asuba matasa ke fita: 'yan acaɓa, 'yan dako, direbobin da ke jigila tsakanin Katsina da Maraɗi, 'yan kamasho, masu canjin naira da sefa. Kowannensu jarinsa lafiyarsa, ranar da bai fita ba kuwa gidansu ba a ɗora tukunya. Shi ya sa idan likita ya dubi ɗaya daga cikinsu, ɗan shekara 22 ko 27, ya ce masa gwaji ya nuna yana da ciwon suga, sai ya ji kamar an yanke masa hukuncin kisa. Tambayarsa ta farko ita ce: ashe ba ciwon tsofaffi da masu kuɗi ba ne? Ta biyu kuma, wadda ba ya furtawa: wa zai ba ni 'yarsa?

Ko shakka babu, ciwon suga jarrabawa ce mai nauyi, kuma ba a rabuwa da shi kamar yadda ake rabuwa da zazzaɓi. To amma ba shi ke saurin kai matashi kabari ba. Abubuwa biyu ne ke yin wannan aikin: ɓoye ciwon, da yankewar magani. Zaman bakin iyaka kuwa yana sauƙaƙa dukansu biyun.

Da farko ya kamata ɗan'uwa ya san abin da ya same shi. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ke fitar da sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne buɗe wa suga hanya ya fita daga jini ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Idan insulin ya ƙare, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru a jini, ƙoda ta riƙa zubar da shi ta fitsari tare da ruwan jiki. Daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwa da rama da kasala suke fitowa, mutum yana ci amma yana ƙarewa. Nau'i na 1 shi ne wanda jiki ya daina yin insulin, ya fi kama yara da matasa, kuma ba shi da wata makawa sai allurar insulin kullum. Nau'i na 2 shi ya fi yawa a duniya, yana tafiya da gado da ƙiba da rashin motsa jiki, sau da yawa ana fara shi da ƙwayoyi irin su metformin. A watan Afrilun 2025 kuma, a taronta na birnin Bankok, Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya, IDF, ta amince da wani nau'i da ta kira na 5, wanda ke da nasaba da yunwar da mutum ya sha tun yana ƙarami, ya kuma fi bayyana ga ramammun matasa a Afirka da Asiya. Wato dai ɗan talakan da bai taɓa yin tumbi ba shi ma yana cikin layi. Bambance waɗannan nau'o'i aikin likita ne, ba na mai kemis ba, ba kuma na abokin hira ba. Matashin da aka ce yana da suga, haƙƙinsa ne ya tambayi likita ƙarara: wane iri ne nawa, kuma mene ne maganinsa?

Ba shi kaɗai ba ne. Ƙididdigar IDF ta 2021 ta ce manya miliyan 537 ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da shi ba. Saboda haka wanda aka gwada aka gaya masa, ya riga dubbai samun sa'a, ko da yake a ranar ba zai ga haka ba.

Akwai wani ruɗani na musamman da ke samun mutanen iyaka, wanda ɗan Kano ko Zariya bai cika gamuwa da shi ba. Mutumin Magama yakan yi gwaji yau a Jibiya ko Katsina, wata mai zuwa kuma a Ɗan Isa ko Maraɗi, sai ya dawo da takardu biyu masu lambobin da ba su yi kama da juna ba. A asibitocin Nijeriya za a rubuta masa 7.0, ƙaramar na'urar gwaji ta nuna masa 126, a Nijar kuma, inda ake bin tsarin Faransa, a rubuta 1,26. Duk ukun abu guda ne, ma'auni ne kawai ya bambanta: 7.0 sau 18 shi ne 126, shi ne kuma giram 1,26 a lita. Wannan lamba ita ce iyakar da idan gwajin safe kafin a ci komai ya kai ta, aka maimaita ya sake kaiwa, ake cewa mutum yana da ciwon. Wanda bai san wannan ba zai iya ganin 2,50 a takardar Maraɗi ya yi murna wai sugansa ya sauka, alhali 250 ne a na'urarsa. Don haka kowace lamba a rubuta ta tare da ma'auninta da ranar da aka yi gwajin, a ƙaramin littafi guda, a riƙa tafiya da shi duk asibitin da aka je.

Sai batun ɓoyo, wanda nan ne gizo ke saƙa. Matashi yana jin kunya a ce da shi mai ciwo. Yana tsoron maigidan da ya ba shi babur ko mota ya karɓe, yana tsoron labari ya kai gidan su yarinyar da yake nema. Sai ya yi shiru. A majalisa a miƙo masa shayi mai kauri da madarar gwangwani, ya karɓa don kada a tambaye shi dalili. A sayo lemon kwalba, ya sha. Lokacin allura ya yi, yana cikin mutane, ya ɗaga sai dare. Wannan kunyar ba ta da wani amfani ko kaɗan, domin ciwon suga ba laifi ba ne da mutum ya aikata, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko musabaha ko aure, ba kuma sammu ko jifa ba ne. Tsohon shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya haura shekara 30 yana tare da ciwon. Masu kallon ƙwallo kuma sun san Nacho Fernandez, wanda aka gano yana da nau'i na 1 yana ɗan shekara 12, shi ne kuma ya ɗaga kofin zakarun Turai a matsayin kyaftin ɗin Real Madrid a 2024. Maganar aure kuwa, abin da ke raunana namiji shi ne sugan da aka bari shekara da shekaru yana cin jijiyoyi. Wanda ya riƙe maganinsa yana aure, yana haihuwa, yana riƙe gidansa. Gaya wa waliyyan yarinya gaskiya tun da wuri ya fi ta tsinci allura a aljihun riga bayan biki.

Haɗarin ɓoyo ya wuce na shayi. Mai allurar insulin, ko mai shan wasu ƙwayoyin irin su gilibenkilamaid, idan ya yi aikin ƙarfi bai ci abinci ba, sugansa na iya faɗuwa ƙasa da 70. Zai fara gumi da karkarwa, zuciya ta riƙa bugawa, idanu su yi duhu, magana ta karkace, ya riƙa tangaɗi ko faɗa ba dalili. A tasha ko a shingen jami'an tsaro, me mutane za su ce idan suka ga matashi a wannan hali? Cewa za su yi ya sha ƙwaya. Maimakon a ba shi ƙwayar suga 3 ko 4 ya tsotsa, ko rabin kwalbar lemo, abin da zai dawo da shi cikin minti 15, sai a taru ana kallonsa ana tsaki, wani ma ya kai masa mari. In a kan babur abin ya same shi da fasinja a baya, sai dai innalillahi. Abokin da ya san halin da ake ciki shi ne zai ce a kawo suga. In kuma ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti da shi. Wanda ya ɓoye wa kowa ya hana kansa wannan abokin.

Ɗaya gefen kuma ya fi muni. Idan mai nau'i na 1 ya rasa insulin, ko zazzaɓi ya kama shi ya daina allura wai don ba ya cin abinci, jiki yakan koma ƙona kitse, wata guba ta taru a jini. Alamunta amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, bushewar baki, magagi. A unguwa za a ce maleriya ce ko taifod, a kira mai kemis ya zo ya ɗaura ƙarin ruwa. Idan ruwan mai suga ne, ba a kuma gwada jinin ba, an ƙara wa wuta fetur ke nan. Wannan hali yana kisa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba a gida ake maganinsa ba. Haka nan wanda ya rame ya je ya sayi ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksametazon don ya rufe bakin masu tambaya, ya sani cewa waɗannan ƙwayoyi suna tayar da suga sama.

Abu na biyu shi ne yankewar magani, kuma a nan mutanen Magama suna da darasin da ba sai an karanta musu a littafi ba. A watan Agustan 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin jihar saboda matsalar 'yan bindiga. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake garƙame iyakar, sai Maris na 2024. A cikin wannan tsakani aka cire tallafin mai a Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, farashin duk maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabi, insulin da tsinkayen gwaji suna ciki. Mai hawan jini da ya rasa ƙwaya kwana uku yana cikin haɗari, amma mai nau'i na 1 da ya rasa insulin kwana uku yana bakin kabari ne. Wanda rayuwarsa ta rataya a kan kwalbar da ake sayowa daga Katsina ko Maraɗi, a kan hanyar da aka rufe ta sau biyu cikin shekara biyar, bai kamata ya jira sai kwalba ta ƙare ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin insulin na wata mai zuwa shi ne farkon abin da za a ware, kafin kati da data da ɗinkin Sallah.

Abin takaici, wannan magani ba sabo ba ne. A 1921 Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na Kanada, a Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurar farko, ya tashi daga gadon mutuwa. Waɗanda suka gano shi sun sayar wa jami'arsu haƙƙin mallakarsa a kan dala ɗaya-ɗaya don kada ya gagari kowa. An haura shekara 100, ga shi ɗan dako a Magama yana rage adadin da likita ya rubuta masa don kwalba ta kai ƙarshen wata.

Inda magani ya yi tsada, nan 'yan damfara ke kafa rumfa. Ga mai mota da lasifika a ranar kasuwa, jarka guda tana maganin basir da sanyi da shawara da suga, wai cikin kwana 40 an warke. Ga masu cewa a sha garafuni ko shuwaka ko saƙe-saƙin maɗaci, tunda ɗaci kishiyar zaƙi ne. Ganyen da ake miya da shi abinci ne, babu laifi a ci. Amma babu wani ganye ko saiwa da aka tabbatar yana maye gurbin insulin, kuma duk wanda ya ce wa mai nau'i na 1 ya ajiye allura ya riƙe jarka, ya ɗauki alhakin rai. Akwai ma wani tarko da ke taimaka wa masu jarka. Watanni kaɗan bayan fara allura, fankiriyas takan ɗan farfaɗo, buƙatar insulin ta ragu, sai mutum ya ɗauka ya warke, mai magani kuma ya ce aikinsa ne. Lokaci ne mai wucewa, likita ne zai rage adadi ya kuma ƙara idan ya wuce. Zuma da dabino kuwa, duk da albarkarsu, zaƙi ne, na'urar gwaji ba ta bambanta su da sugan mai shayi.

Za a ce, to ina firij a garin da wuta ba ta zama? Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyi na digiri 2 zuwa 8, ba ƙanƙara ba, domin insulin da ya daskare ya lalace. Wadda aka fara amfani da ita kuwa tana iya yin mako huɗu a wajen firij. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi da Jami'ar Janiba, aka buga a 2021, ya gwada irin zafin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37, ya samu insulin bai rasa ƙarfinsa ba cikin mako huɗu. A bazarar Jibiya zafi yana wuce 40, sai a haɗa da dabara. Dabarar kuwa ta gida ce: tukunyar ƙasa a cikin tukunyar ƙasa, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ita ce Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa a shekarun 1990 har ya samu kyautar Rolex. A sa kwalbar cikin leda ko ƙaramin gwangwani don kada ruwa ya taɓa ta. Inda ba a ajiye ta ko alama shi ne gaban mota, ko ƙarƙashin kujerar babur kusa da inji.

Batun abinci an cika tsoratar da mutane a kansa. Ba dole ba ne sai acca da alkama da ɗanyar ayaba, waɗanda talaka ba zai jure saye ba, alkamar ma sitaci ce kamar sauran. Tuwon gero ko dawa yana nan, a rage malmala a ƙara miyar ganye. Wake, awara, gyaɗa, ƙwai, kifi, kwaɗon zogale da rama duk suna kasuwa. Fura a dama ta ba suga, ita ma a san iyakarta. Abin da za a yi sallama da shi shi ne zaƙin da ake sha: lemon kwalba, lemon ƙara kuzari da direbobi ke sha don korar barci, zoɓo da kunun zaƙi, shayi mai cokali huɗu. Mai allura kuma ba ya tsallake abinci, ko da layin lodi ya zo kansa.

Azumi shi ne inda matashi mai kishin addini ya fi shan wahala a zuciyarsa, domin yana ganin cin abinci da rana a Ramadan kamar tawaya ce a imaninsa. Alhali ayoyin azumi na Suratul Baƙara da kansu suka yi wa mara lafiya rangwame. A 2009, a zamanta na Sharja, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna da likitoci ta kasa masu ciwon suga gida-gida, ta kuma ce waɗanda azumi zai jefa su cikin haɗari mai tsanani su sha. Sabon kamu da sugansa bai daidaita ba, da wanda bai daɗe da suma ko kwanciya asibiti saboda ciwon ba, suna cikin waɗanda likitoci ke hana wa. Wanda aka yarje masa, ya je wurin likita makonni kafin watan a gyara masa adadi da lokutan magani, ya riƙa gwaji da rana, domin ɗigon jinin yatsa ba ya karya azumi a wurin mafi yawan malamai. In na'ura ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ya sha ruwa nan take ko da saura minti goma a kira magariba. Malaman da ke tafsiri a masallatan Jibiya da Magama su riƙa faɗin wannan tun a Sha'aban, domin matashi ya fi jin ta daga bakinsu.

Mahukunta ma suna da tambayoyin amsawa. A 2022 aka fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da sunan kare lafiyar jama'a. Nawa ne daga ciki ya koma kwalbar insulin a hannun talaka? A shekarar ce kuma aka sa hannu a dokar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta tanadi asusu don marasa galihu. Ɗan acaɓa mai nau'i na 1, in ba ya cikin marasa galihu, wa ke ciki? Abin da ake buƙata bai fi ƙarfin gwamnatin jiha da ƙaramar hukuma ba: insulin da tsinkayen gwaji su zauna a Babban Asibitin Jibiya cikin firij mai sola, a ware rana guda a wata ta masu suga, don kada sai an bi hanyar Katsina mai shingaye zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya saboda awo kawai. Ƙungiyoyin direbobi da na 'yan acaɓa da ke karɓar kuɗin tikiti kullum, na'urar gwaji guda a ofishin tasha ba za ta karya su ba.

Jami'an kwastan da na shige da fice da na hana sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, da jandarmomin tsallake, su ma a sanar da su cewa ba kowace allura a aljihun matashi ke nufin maye ba. Shi kuma mai ciwon ya sauƙaƙa musu. Ya nemi likitansa ya rubuta masa kati mai hatimin asibiti, da sunansa da nau'in ciwonsa da sunan maganinsa da lambar wayar wani ɗan'uwansa, a ƙasa a rubuta cewa in an same shi a ruɗe a ba shi suga, in a sume a kai shi asibiti. A rubuta shi da Hausa da Turanci, a juya bayansa a rubuta da Faransanci saboda Ɗan Isa da Maraɗi, a lulluɓe shi da leda, ya zauna a aljihun gaba tare da ƙwayoyin suga huɗu.